Farin Ƙyalle a Gonar Barau

Kigali, 5 ga Nuwamba

Zuwa ga taubashiyata, baiwata Ɗela,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ke da Kawu da mutanen gida da ɗalibanki 'yan lakwal masu majina. Ni ma lafiya na sauka, sai dai kunnena na dama bai buɗe ba tun jirgi na biyu. Ki gaishe min da Inna da Baba, ki ce musu ɗansu yana cin abinci sau uku a rana, ko da yake wake ne da dafaffiyar ayaba duk sau ukun.

Na bi sharaɗinki. Na rubuta da bik a takarda, na ɗauki hoto, na tura wa majo Souleymane, ma'aikacin jinya a likitar garinmu. In ya je Dungass ranar Alhamis ɗauko maganin rigakafi, rezon salula zai sauke masa, ya kawo miki. Tunda Bazabarme ne, Hausarsa ta baki ce kawai, ba zai karanta zagin da zan yi miki ba.

Mu talatin da biyu ne, daga ƙasashe goma sha ɗaya, duk matasa masu aikin sasanta jama'a. Garin tudu ne a kan tudu, kore shar, ana ruwa kusan kullum da la'asar. Ranar farko aka ce kowa ya faɗi abin da ya kawo shi. Na ba su labarin Kwarin Gawo, yadda shekara huɗu da suka wuce aka ƙona ruga saboda ɓarnar wake, da yadda ni da Gidaɗo ɗan Arɗo muka fara zagaya gonaki kafin ranar sakin gona, mu biyu, ɗaya manomi ɗaya makiyayi, muna kafa sanda da farin ƙyalle a duk gonar da ba a gama roron wakenta ba, don yaran ruga su san inda shanu ba za su taka ba. Na ce kaka uku ke nan ba a zubar da jini ba. Ɗela, sai da suka tafa min. Wata 'yar Kolombiya ta tambaye ni wane furoje na masu ba da agaji ya ba mu tutocin, na ce tsohon zanen gadon Innata ne muka yayyaga.

Sun tambayi Gidaɗo, don sunanmu biyu ke cikin takardar gayyata. Na ji kunyar cewa rashin takardar haihuwa ya hana shi paspo, sai na ce aiki ya riƙe shi. Ki faɗa masa kujerarsa tana nan kusa da tawa da sunansa a manne, a kanta nake ajiye jakata.

Ranar 14 ga Disamba ina gida in Allah ya yarda, kafin a saki gonaki. Ƙunshin ƙyallayen da kayen komite, littafin nan da muke rubuta gonaki, suna hannunki, kada ki yi tsumman goge allo da su.

Ubangidanki,
Abdussalam


Kwarin Gawo, 12 ga Nuwamba

Bawana Abdussalam,

Wa alaikumus salam. Takardarka ta iso, na karanta wa Goggo, Innarka, wurin da ya shafe ta, na tsallake wuraren cika baki. Kowa lafiya, sai Baba Illa da ƙafarsa ta kumbura kwana biyu, yanzu ya fara fita masallaci. Wake ka baro a gida, ka hau jirgi biyu ka je ka tarar da wake. Allah ya ƙara.

Yanzu ga maganar da ta zaunar da ni. Ka san ruwa ya ɗauke da wuri a arewa. Ciyawa ta ƙare musu, garkuna sun fara gangarowa tun makon jiya, ba na rugarmu kaɗai ba, har da baƙi waɗanda ba mu san su ba, ba su san mu ba. Burtali cike yake tun safe. Ana ta cewa za a matso da ranar sakin gona zuwa ƙarshen wannan wata. Na tambayi maigari, ya ce shi ma a bakin mutane ya ji, amma bakin da ya ji daga gare shi bai saba ƙarya ba. Waken da aka shuka a baya kuwa yanzu yake bushewa. Na duba kaye, gona talatin da huɗu ba a gama ba, har da ta Yaya Barau, wadda ta fi kowace kyau bana. Yayan nan naka a can yake wuni, ko abinci sai an kai masa.

Gidaɗo ya zo lakwal jiya, ya tsaya bakin taga har na sallami yara. Ya ce Arɗo yana so a fara kafa ƙyalle yanzu, don yaransu suna buƙatar alama, kuma su ne za su nuna wa baƙin. Ya tambaye ni wa zai bi shi. Na je wurin Zakariya'u mataimakinka, ya ce sussuka ta sha kansa, a jira ka. Na nemi wasu biyu na komite, ɗaya ya wuce Kano cin rani, ɗaya ya ce matarsa ta kusa haihuwa, sai ka ce shi ne ungozoma. Na ce to ni zan bi shi, Babana ya ce ranar da na taka gona ni da namiji mu biyu, in nemi wani uban.

Sai ka faɗa min abin yi. Ƙyallayen suna cikin akwatina, ban ba kowa ba. Majo yana Dungass har azahar gobe, in ka amsa da wuri zai taho da amsar.

Gidaɗo ya ce in tambaye ka, shanun can masu dogon ƙaho da ka nuna masa a salula, gaskiya ne ko haɗi ne?

Uwargijiyarka,
Ɗela


Kigali, 13 ga Nuwamba

Ɗela,

Gaisuwa a gurguje, minti goma suka ba mu kafin a koma zama. Ina lafiya, kunnen ya buɗe. Allah ya ƙara wa Baba sauƙi.

Ki ba Gidaɗo ƙyallayen ya fara, ba sai an jira kowa ba. Wa bai san Gidaɗo ba a Kwarin Gawo? A gidanmu ya sha furar sunan ɗan Yaya Barau. Kaka uku yana shiga gonakin nan, ya fi ni sanin iyakokinsu. Nan ma abin da suke koya mana ke nan, cewa shugaba na gari shi ne wanda aiki ke tafiya ko ba ya nan. In na dawo sai mu ƙarasa sauran tare. Kada ki mayar da ƙaramin abu babba, halinku na malaman lakwal.

Jiya an kai mu wani ƙauye a bayan gari, inda waɗanda aka kashe wa dangi da waɗanda suka yi kisan suke zaune maƙwabta. Wata tsohuwa ta yi mana magana, mutumin da ya kashe ɗanta yana zaune a benci ɗaya da ita. Na tambaye ta ta bakin tafinta yadda take iya gaishe shi. Ta ce ba ta sani ba, hanyar rijiyar dai ɗaya ce. Na fito ina cewa a raina mu kam Allah ya rufa mana asiri, namu bai kai nan ba.

Ina roƙon alfarma ɗaya. Ki sa majo ya ɗauki hoton Gidaɗo yana ɗaura ƙyalle, ina so in nuna musu ranar rufe taro. Ki ce masa shanun gaskiya ne, na gani da idona, ƙaho ɗaya ya kusa tsawonsa.

Sun kira mu.

Abdussalam


Kwarin Gawo, 26 ga Nuwamba

Zuwa ga Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Goggo da Baba Illa suna gaishe ka. Kumburin ƙafar ya sace.

Makon jiya ban samu rubutawa ba. Na ba da ƙyallayen ranar Juma'a kamar yadda ka ce. An tsayar da ranar sakin gona 15 ga Disamba. An rufe lakwal kwana uku, yanzu an buɗe.

Ka gama abin da ya kai ka, ka dawo lafiya.

Ɗela Abdulmajid


Kigali, 27 ga Nuwamba

Madam Ɗela Abdulmajid,

Tunda yanzu da cikakken suna muke gaisawa, ina gaisuwa, ina lafiya, na gode.

Mako biyu ina leƙa salula kamar mai jiran sakamakon jarrabawa, sai ga layi bakwai. Ba zagi ko ɗaya, ba a ma kira ni bawa ba. Tun muna yara ban taɓa ganin kin bar ni na sha iska haka ba, don haka na san da magana. In don na ce halinku na malaman lakwal ne, wasa ne, kin faɗa min abin da ya fi wannan a gaban surukan Yaya. In kuwa ɗaya abin ne, bari in fito da shi fili. Shekara huɗu ke ce ke rubuta kayen komite, ke ce ke bin mata gida-gida, amma da gayyata ta zo sunanki bai fito ba. Ba ni na zaɓa ba, Ɗela. Ban zaci za ki yi min hassada ba, abin ya yi min ciwo.

Na kira Zakariya'u ranar Lahadi, ya hau tudu da Baba don rezo. Baba ya ce lafiya lau har sau huɗu. Na nemi Yaya Barau, aka ce yana Dungass. Salular Gidaɗo a kashe take, na san halinsa da mantawa da caji. Ga shi ma ba a matso da ranar ba, kin ga tashin hankalin nan duk na banza ne.

Labarin da na so in ba ki da farin ciki, ga shi a haka. Cikin mu talatin da biyu ni aka zaɓa in yi jawabin rufe taro, Asabar 6 ga Disamba, a babban zaure. Kuma masu shirya tafiyar sun yi min tayin aikin shekara ɗaya a Yamai, in riƙa koya wa matasan wasu jihohi dabarar ƙyalle. Na ce sai na yi shawara da gida.

Hoton nake jira. Alhamis mai zuwa ita ce ta ƙarshe kafin jawabin. In fushi kike da ni, ki ajiye shi har in dawo ki juye min a ka. Hoton dai na Gidaɗo ne, an hana shi zuwa, kada ke ma ki hana a ga fuskarsa.

Abdussalam


Kwarin Gawo, 3 ga Disamba

Abdussalam,

Assalamu alaikum. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba.

Gidaɗo ya rasu. Yau kwana goma sha biyar. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Dattawa sun taru a zauren maigari suka ce ba a aika wa wanda ke ƙasar mutane irin wannan labari, a bari sai ya tako ƙafarsa gida. Baba Illa ya sa na yi masa alkawari. Na riƙe mako biyu. Amma ka nemi hoto, ni kuwa ba zan iya tura maka shi in yi shiru ba, ba zan kuma iya hana ka ba.

Ga yadda aka yi. Na ba shi ƙunshin ranar Juma'a, da jerin gonakin da na kwafa masa. Asabar ya kafa biyar, Lahadi biyar. Daren Lahadin wani baƙon garke ya faɗa gonar Yaya Barau, ya cinye kusan rabin waken, ya wuce kafin gari ya waye. Ba na rugarmu ba ne, sawun ya nuna gabas suka yi. Gidaɗo ya ji labari da sassafe. Ya ce wa ƙanwarsa Hinda gara ya je ya sa alama a abin da ya rage, sai ya bar jerin ya tafi can kai tsaye. Ya kafa sandar, ya ɗaura ƙyallen. Yana tsaye Yaya Barau ya iso da samari biyu, ya tarar da Bafulatani shi kaɗai a tsakiyar ɓarna.

Kada ka ce bai gane shi ba. Ya gane shi, har ya kira sunansa. Samarin sun faɗa wa jandarma cewa Gidaɗo ya ɗaga ƙunshin ƙyallayen yana nuna masa. Sau ɗaya Yaya ya buge shi, da ƙotar hauya, a bayan kunne. Yayanka da kansa ya ɗora shi a amalanke ya kawo shi likita. Majo ya yi iyakar abin da zai iya, aka wuce da shi Magaria, ya cika ranar Talata da hantsi. Bai yi magana ba.

Ranar da aka ce maka Yaya yana Dungass, yana can ɗin, a hannun jandarma. Yanzu an mayar da shi gidan kaso a Magaria. Saboda wannan ne hukuma ta bar ranar sakin gona a tsakiyar Disamba. Motar jandarma ta yi mako guda tsakanin gari da ruga. Ba wanda ya rama, Arɗo ya hana. Matansu sun daina kawo nono. Yara tara na ruga da ke ajina, wurinsu babu kowa, ina kiran sunayensu da safe don suna cikin rajista.

Ni ban yi kuka ba har yanzu. Ina tashi, in je lakwal, in rubuta kwanan wata a allo, in dawo.  Goggo tana zaune da faifai tana tsince wake daga safe zuwa yamma, wanda ta riga ta tsince jiya.

Ban ce kai ne ba. Ni ce na buɗe akwati na miƙa masa, kuma zuciyata ba ta kwanta ba lokacin da nake miƙawa. Gaskiyarka ne, kowa ya san Gidaɗo. Sai dai tare da kai suka san shi a gona, ba su taɓa ganinsa shi kaɗai ba.

Sandar tana nan a gonar Yaya da ƙyallenta, ita ce ta goma sha ɗaya. Ba wanda ya taɓa ta, ba wanda ya je roron abin da ya rage.

Hoton yana bayan wannan takarda. Ranar Lahadin nan, kwana ɗaya kafin abin ya faru, majo ya ɗauka. Dariyar da ka gani, majo ne ya ce masa ya gyara malafa, mutanen ƙasashe goma sha ɗaya za su gan shi.

Ɗela


Kigali, 9 ga Disamba

Ɗela,

Wa alaikumus salam. Na samu. Allah ya jiƙansa, ya ba Arɗo haƙuri. Jikina lafiya.

A bakin ƙofar ɗakin cin abinci na karanta. Na sa salula a aljihu, na shiga layi, na karɓi faranti. Na cinye duka. Wani ɗan Burundi da ke kusa da ni yana ba da labarin ƙwallo, na ji bakina yana dariya.

Na yi jawabin ranar Asabar. Ban faɗa wa kowa ba. Na yi niyya, sau biyu na je ƙofar matar da ke shugabantar tafiyar na dawo. Hoton na riga na yi musu alkawarinsa, sai na ba su. Suka haska shi a bango, fuskarsa ta fi ƙofar zauren maigari girma. Na tsaya a ƙarƙashinsa na karanta abin da na rubuta tun kafin takardarki ta zo, ban canja ko kalma ɗaya ba. Na karanta wurin da ya ce kaka uku ba a zubar da jini ba. Muryata ba ta yi rawa ba. Da na gama suka miƙe tsaye.

An ba ni takardar shaida biyu, ɗaya da sunana ɗaya da nasa. 'Yar Kolombiyar nan ta kawo farar riga da dukansu suka sa wa hannu, ta ce in kai wa Gidaɗo, in ce baɗi suna jiransa. Na karɓa na ce zai ji daɗi.

Ina jiran abin ya zo min, bai zo ba. Ina kallon hoton kamar na wani da aka nuna min a jarida. Ina kiran sunan Yaya a raina, shi ma haka.

Ƙauyen nan da aka kai mu nake ta tunawa. Mun yi wa tsohuwar tambayoyi, mun yi wa wanda ya yi kisan. Akwai wani mutum da ya jera mana kujeru, ya kwashe su da muka tashi, tafinta ya ce ƙanen mai kisan ne. Ba wanda ya tambaye shi komai, ni ma ban tambaye shi ba.

Na ce musu ina son aikin Yamai. Ban san da wace fuska zan bi ta burtali ba. Zan sauka Magaria gidan yayanki Ɗanjuma, in ga Yaya Barau in sun bari, daga nan in juya. Kada ki faɗa wa Inna tukuna.

Ki yafe min maganar hassada.

Abdussalam


Kwarin Gawo, 17 ga Disamba

Abdussalam,

Assalamu alaikum, sannu da hanya. Wannan da hannu za ta iso ka, mai kabu-kabun da ke kai wa Yaya Ɗanjuma gero zai kawo. Mu nan lafiyar jiki. Yaya Ɗanjuma ya aiko cewa kwana uku kana ɗakinsa, sallah kawai ke fitar da kai, kuma ka je ƙofar gidan kaso ka dawo ba ka shiga ba. Maganar hassada ta wuce, ban ma riƙe ta ba.

An saki gonaki shekaranjiya Litinin. Maza suka tsaya bakin gari, motar jandarma a gindin gawo, mu mata muna leƙe ta kan danga. Da hantsi garken rugarmu ya taso ta burtali, Arɗo a gaba, jakuna da kaya a baya. Kowa ya zaci za su bazu cikin kara kamar kowace shekara. Ba su shiga ba. Gonaki masu ƙyalle ba su shiga ba, marasa ƙyalle ma ba su shiga ba. Ka san tun kafin a haife mu a gonar Babana Arɗo ke yin rani, shanu su ci kara su bar taki. Bana ma Baba ya bar musu karan a tsaye, har ya gyara musu kwamin ruwa. Sun wuce ta gefenta, shanun suna miƙa wuya, ana kora su. A gonar Yaya Barau kaɗai Arɗo ya tsaya. Ya dubi sandar na ɗan lokaci, sannan ya ci gaba da tafiya.

Yanzu suna bakin tabkin Maiyara. Asabar za su tashi su yi kudu, an ce ba su da niyyar dawowa baɗi.

Jiya Hinda ta zo lakwal ta mayar da littattafan yaransu. Ta kawo sauran ƙyallayen, ashirin da uku, ta wanke su ta ninke. Ta ce kowa ya je gaisuwa, maigari, liman, wakilin perfe mai mulkin gundumarmu, har Baba Illa da ƙafarsa, kuma Arɗo ya karɓi kowa. Amma duk wanda ya zo daga gari sai Arɗo ya tambaye shi, abokin tafiyar ɗansa bai dawo ba? Ban ce maka in ka zo za su fasa tashi ba. Ba na tsammanin haka. Tambayar dai na isar maka.

Saura abu ɗaya. Ka tuna alƙalan da suka zo da damina suna yi wa mutane takardun haihuwa, kai da Gidaɗo kuka wuni a layi? Jiya ɗan aiken meri, ofishin magajin gari, ya kawo waɗanda suka fito, ya bar su a lakwal in rarraba. Ta Gidaɗo tana ciki. Na karanta ta a tsaye. Sunansa, sunan ubansa, sunan uwarsa, shekarar da aka kintata. Wurin haihuwa an rubuta Kwarin Gawo.

Ban ba Hinda ba, don bayan tafiyarta ta iso. Tana cikin kayen komite. Ka tafi Yamai in ka ga dama, ba zan zage ka ba, zagin ma ya ƙare min. Amma takardar nan sai an kai wa ubansa kafin Asabar, ni kuma na daina miƙa wa mutum abu ya tafi shi kaɗai. Na faɗa wa Babana in ka zo zan bi ka har tabki. Ya ci gaba da jan carbinsa.

Ɗela


Magaria, 18 ga Disamba

Ɗela,

Wa alaikumus salam. Takardarki ta iso da la'asar jiya. Mai kabu-kabun zai koma yau, na ba shi wannan.

Na shiga wurin Yaya Barau da safe. Ya rame. Mun zauna muna kallon ƙasa. Ya tambayi Inna, ya tambayi yara. Sannan ya ce, "Abdussalam, in ka ga Arɗo ka ce masa," sai ya tsaya. Na jira. Yana nan a haka har mai gadi ya ce lokaci ya cika.

Gobe Juma'a bayan sallar asuba zan taso. Ba zan shiga gida ba, in na ga Inna ba zan iya fita ba. Ki jira ni a bakin burtali wajen gonar Yaya, ki taho da takardar. Rigar da takardun shaidar zan bar su a jakata a nan. Maganar Yamai ban sa hannu ba, ban kuma fasa ba, sai na dawo daga tabki.

Ban san abin da zan ce wa Arɗo ba. Zan faɗa masa ni na ce a ba ɗansa ƙyallayen ya tafi shi kaɗai, kuma yayana ne ya buge shi. Bayan wannan ba ni da wata magana, zan zauna har ya sallame ni.

Har yanzu ban ji komai ba, Ɗela. Amma ƙafafuna suna aiki, tabkin kuma tafiyar awa uku ce. Ki sa takalmin da ba zai dame ki ba.

Bawanki,
Abdussalam